Wutar ƙauye: ƙungiyar gama-kai ko kamfanin 'yan kasuwa?

Ana yawan tambaya: ƙauyen da ke son lantarki, ya kafa ƙungiyar gama-kai ne ko ya jira kamfani? Amurka ta gwada duka biyun. A 1935, gona kusan ɗaya cikin goma ce ke da wuta, don kamfanoni sun ƙi jan waya zuwa inda gidaje ke warwatse. Wata dokar gwamnati ta 1936 ta bai wa manoma rance mai sauƙi, suka kafa ƙungiyoyinsu na lantarki.

Ta fuskar kuɗi, a Amurka gidaje kusan 8 ne ke ɗaukar nauyin mil guda na wayar ƙungiya, na kamfani kuwa sun haura 30, shi ya sa nauyin ya fi danne mamba. Amma rarar da ta saura ana rubuta wa kowa kasonsa, a biya shi bayan shekaru. Ribar kamfani ta masu hannun jari ce.

A ƙungiya kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi. Inda abin ke lalacewa, in aka daina zuwa taron shekara, shugabanni sai su miƙe ƙafa ba mai tuhumarsu. Kamfani ya fi saurin tara jari don babban aiki.

Karkara mai nisa, mai jama'a masu haɗin kai da bin diddigin lissafi, ƙungiya ta fi mata. Gari mai cunkoso da masana'antu, kamfani ya fi dacewa da shi.