Sola ko janareta a gidan da jikoki ke cika?

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah Ya kawo jikokin lafiya. Tsakanin sola da janaretar da kike aunawa kafin su iso hutu, ki sa sola. Duka biyun sun zauna a gidana. Ɗaya na nan har yau bisa rufin ɗakin girki, ɗayar kuwa na sayar da ita da asara, ban kuma taɓa kewarta ba.

Haƙƙin janareta, ko gurup kamar yadda muke ce mata nan, shi ne tana da sauƙin kuɗi ranar saye, kuma idan babba ce tana ɗaukar dutsen guga da injin jawo ruwa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Tawa irin ƙananan nan ce da ake gauraya musu fetur da baƙin mai. A da muna sayen na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa da rahusa, tun da daga Najeriya yake shigowa, amma tun da aka cire tallafin mai can a ƙarshen watan Mayu 2023 wannan sauƙin ya tafi. Ga gyara, yau fulogi gobe igiyar tayarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hayaƙinta. Akwai guba a cikinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Mu kuma saboda tsoron ɓarayi mukan jawo ta zaure ko kusa da taga, daidai inda yara ke kwance. Wata rana na fito na tarar da ƙaramin jikana, yana rarrafe lokacin, ya miƙa hannu zai kama salansa tana da zafi. A cikin makon da abin ya faru na nemi mai saye.

Solar kuwa ban san darajarta sosai ba sai watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kin san tamu ta Maraɗi daga Katsina take biyowa ta Gazawa, don haka mun ji a jikinmu, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Lokacin hutun lakwal ne, jikoki bakwai a gidan, na Yamai da na Damagaram duk sun haɗu. Magariba na yi unguwa ta yi baƙi ƙirin, sai tsakar gidanmu da ƙwan fitila biyu, fanka na juyawa a ƙarƙashin rumfa. Uwargida ta shimfiɗa tabarmi uku, ta ce “ga ta nan ga ta nanku”, suka amsa baki ɗaya “ta zo mu ji ta”. Kafin kwana uku yaran maƙwabta sun gano, kullum bayan isha'i sai sun cika gidan, iyayensu kuma su aiko da wayoyi a sa musu caji. Ina zaune gefe ina jin muryar Gizo da Ƙoƙi, ina jin dariyar ƴar autar jikokin, wadda nake kira amaryata, har kukan kwaɗi daga bayan gida ana ji. Zamanin janareta ba mu taɓa samun irin wannan daren ba. Ana tayar da ita hira ta mutu, kowa sai ya ɗaga murya, yara su tattara gaban talabijin, tsoho ya koma ɗaki da ciwon kai. Jikan da ya zo miki wata biyu a shekara, muryarsa kike son ji, kuma shi ya sa nake ce miki sola.

Ga abin da nake da shi, don ki auna da naki. Farantin sola biyu, kowanne wat 200, da batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200, da na'urar daidaita caji, da ƙaramar inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, saboda talabijin. Lissafin ba wuya. Batir irin wannan yana riƙe wajen wat 2,400 na awa ɗaya, amma idan na dalma ne rabin kawai ya kamata a sha, in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba zai yi shekara biyu ba. Fanka uku masu aiki kai tsaye da batir, kowacce wajen wat 20, na awa 8, sun ci 480. Ƙwai shida na wat 7 na awa 5, 210. Talabijin da cajin wayoyi su ci kamar 250. Duka bai kai 1,000 ba, kin ga akwai rara. Farantan kuma da ranar Maraɗi ta awa biyar zuwa shida mai ƙarfi suna mayar da abin da aka sha kafin la'asar. Firiji ne kawai zai canza lissafin, idan kina son ruwan sanyi sai ki ninka faranti da batir. In hali ya yi, ki ɗauki batirin litiyam tun farko. Ya fi tsada nesa, amma ana shan kusan dukan cajinsa, kuma ya ninka na dalma daɗewa. Ni da na dalma na fara, shi ne kuma abin da na riga na sake sau ɗaya, farantan ko gezau.

Wani abin da ban zata ba, solar ta zame mana aikin gida ni da yaran. Da hunturu ƙura kan rufe gilashin har cajin ya ragu a bayyane, to sai a wanke da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi kawai. Babban jikana shi ke riƙe tsani, ni na hau, ƙannensa na miƙo bokiti. Yanzu shi ke karanta lambobin na'urar ya ce mini “Kaka, yau batir ya cika tun azahar.” Tare muka ƙera wa batirin akwatin katako mai ramukan shan iska da kwaɗo, muka ajiye shi a inuwa, don zafi na rage masa rai kuma hannun yara ba ya jin bari. Ki sa mai haɗawa ya fuskantar da farantan kudu, ya ɗan karkata su kamar digiri 15 yadda ruwan sama zai wanke ya gangare, kuma a ɗaure su da ƙarfe da kusoshi. Iskar farkon damina ba ta san dutsen da aka danne faranti da shi ba. A kuma nisanta su daga inda ake buga ƙwallo.

Akwai ƙaramin faranti na wat 20 da fitila mai caji da nake sawa a mota in za mu gona wajen Jiratawa. Bara mun kwana can da manyan jikokin maza, muka gasa masara, da safe muka ƙarasa tafkin Madarumfa suka ga masunta da tsuntsayen ruwa, suna ta tambayata labarin waliyyai 99 da ake cewa kaburburansu na kewaye da tafkin. Wa zai ɗauki janareta da galan ɗin fetur zuwa irin wannan tafiya?

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don an yi mini. Kasuwar sola cike take da masu cin amana, musamman idan sun ga dattijuwa ta zo ita kaɗai. Faranti ba ya ƙarya da girmansa: murabba'in mita ɗaya ba ya ba da abin da ya wuce wajen wat 200, don haka in an nuna miki ɗan ƙarami an manna masa takardar wat 300, takardar ce ta ƙarya. Ki je da rana tsaka, a fito da shi waje a gwada da mita a gabanki. Batir kuma nauyinsa ne shaidarsa. Na dalma mai amfiya 200 na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa sama, mutum biyu ke ɗaga shi. Na farkon da aka sayar mini ni kaɗai na sa shi a but ɗin mota ina murna, ashe tsoho ne aka wanke aka sake masa kwali, wata huɗu ya daina riƙe caji, mai shagon kuma ya ce bai san zancen ba. Ki duba kan ƙarfen da ake ɗaura waya, in akwai shatin ƙulli an taɓa aiki da shi. A rubuta miki rasit da lambar batirin da tsawon garanti. Ki tambayi shago uku kafin ki zaro jikka ko ɗaya. Kada kuma ki yarda mai sayarwa ya zama shi ne mai zaɓar miki mai haɗawa, bakinsu ɗaya. Wasu masu haɗawar sukan karɓi kuɗin waya mai kauri su sa siririya, su kuma tsallake fis, abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, tsakanin batir da sauran kayan, alhali nan ne gobara ke tashi.

Idan kuɗin bai kai duka yanzu ba, ki fara da faranti ɗaya, batir mai amfiya 100, ƙwai huɗu da fanka biyu, amma ki sayi na'urar caji mai girman da za ta ɗauki ƙari baɗi. Ranar suna ko biki da za a buƙaci lasifika da firiza, a yi hayar janareta ta wuni ɗaya, a ajiye ta can waje nesa da tagogi, da safe mai ita ya zo ya ɗauki abarsa. Ki gaishe mini da Alhaji, in kun tashi saye ku tafi da ɗaya daga cikin samarin gidan da zai iya ɗaga batirin ya ji nauyinsa.