Wata huɗu ina barin taurarin waya su zaɓar mini wurin cin abinci

Kusan kowane babban birni yana da irin unguwar nan. Shekaru kaɗan baya ba komai a cikinta sai tsofaffin ɗakunan ajiye kaya da garejin kanikawa, yau kuwa duk inda ka waiga gilashi ne da ƙananan fitilu rataye a igiya, ga samari da 'yanmata suna ta ɗaukar hoto a jikin bango. Aiki ne ya zaunar da ni a irin wannan unguwa har wata huɗu, kuma da yake ba ni da wurin girki, kullum abincin rana a waje nake ci, wani lokacin har da na dare. A titin da ofishinmu yake kaɗai na ƙirga gidajen abinci 19, kowanne da allonsa a bakin ƙofa yana rantsuwar babu kamarsa.

Abin da na dogara da shi wajen zaɓe shi ne manhajar taswira da ke cikin wayata, wadda take nuna kowane gida da taurarinsa daga 1 zuwa 5, da adadin waɗanda suka ba shi, da hotuna, da abin da mutane suka rubuta a kansa. A kanta nake wannan sharhi. Ban goge ta ba, ba kuma zan goge ba, amma lambar nan da take fara nuna wa mutum na daina ɗaukarta da muhimmanci, kuma ga yadda aka yi.

A satin farko yayata ta zo birnin, na ce bari in fita kunya. Na buɗe manhaja na zaɓi gidan da ya fi kowanne a kusa da mu, 4.8, daga bakin mutum sama da 900. Muka tarar da layi har bakin titi, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa na dace. Minti arba'in muna tsaye. Da muka shiga, kiɗa ya cika wurin har sai ka ɗaga murya kafin na gefenka ya ji ka. Babu takardar jerin abinci, sai wata lamba mai murabba'i a manne jikin teburi da za ka haska da kyamarar waya, kuma shafin ya ƙi buɗewa sai da muka yi ta fama. Wurin dai ya tsaru, wannan ba ƙarya. Kujeru masu laushi, tsirrai na reto daga sama, wani rubutu mai haske a bango wanda kowa ke bin layi ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Sai abinci ya iso. Faranti kamar faifai, abin da ke cikinsa kuwa bai fi tafin hannu ba, an ɗora masa ɗan fure a kai. Yaya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Ƙanena, wannan ɗanɗano aka kawo mana, ko shi ne abincin?” Na ce ta dai ci ta ji. Gefensa da zafi, tsakiyarsa da sanyi, alamar ɗumamawa aka yi. Ba za ka ce ba shi da daɗi ba, amma da an rufe maka ido ba za ka iya faɗin abin da kake ci ba. Da aka kawo lissafi, ga wani kuɗin hidima da ba wanda ya ambata mana tun farko. Ina cikin biya sai yaron da ke yi mana hidima ya sunkuyo cikin ladabi ya ce, “Yallaɓai, in ka ba mu taurari biyar yanzu ka nuna mini, akwai abin sha kyauta. Kuma don Allah ka sa sunana.” Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. A nan na gane inda 4.8 ta samo asali.

Da daddare na koma na karanta abin da masu taurari biyar ɗin suka rubuta, abin da ya kamata in yi tun kafin mu fita. Wannan ya yabi fitilu, wancan ya yabi kiɗa, wata ta ce wurin ya yi kyau a hoto, da yawa kuma suna jinjina wa wani ma'aikaci da sunansa. Sai ka wuce goma kafin ka ga wanda ya yi maganar abin da ya ci. Kuma ba lallai ƙarya suke yi ba. Unguwar da ake yayi baƙi ne ke cika ta, masu zuwa sau ɗaya, ranar murnar wani abu ko ranar fita da masoyi, sun ci kwalliya, ransu fari tun daga gida. Abin da suke ba wa maki shi ne daren da suka yi. Ni kuwa mai neman inda zan cika cikina ranar Talata da rana, tambayata daban, amsar da lambar ke bayarwa daban.

Ga kuma wani abu da duk mai yawan karanta irin waɗannan sharhuna zai lura da shi: mutane ba su cika rubutu ba sai daɗi ya kai su ko haushi ya ci su. Biyar da ɗaya ne suka fi yawa. Wanda ya ci, ya ƙoshi, ya ga ba laifi, tashi yake ya kama gabansa, alhali shi ne ya fi kama da ni da kai.

Ban ga laifin yaron nan sosai ba, domin umarni aka ba shi, kuma maigidansa ya san abin da yake yi. A 2011 wani masanin tattalin arziki na makarantar kasuwanci ta Harvard, Michael Luca, ya haɗa taurarin Yelp, wani shafin intanet da mutane ke ba gidajen abinci maki a cikinsa, da bayanan cinikin gidajen abinci na birnin Seattle a Amurka, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara wa gida ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Ya kuma gano cewa abin gidaje masu zaman kansu yake shafa, ban da manyan kamfanoni masu rassa ko'ina, tunda su an riga an san abin da za a tarar. To gidajen unguwar yayi kusan duk masu zaman kansu ne, haya tana da tsada, makwabci yana sayar da kusan irin abin da kake sayarwa. Mai irin wannan gida, kyautar kofi ɗaya na abin sha don ya sayi taurari biyar ai ciniki ne mai riba.

Wanda ya fi kowa tona asirin wannan harka shi ne wani marubuci ɗan Ingila, Oobah Butler, wanda shi kansa ya taɓa yin aikin rubuta wa gidajen abinci sharhin ƙarya ana biyansa. A 2017 ya yi wa rumfar katakon da yake zaune a cikinta a unguwar Dulwich ta Landan rajista a Tripadvisor, shafin da matafiya ke rubuta sharhi kan wuraren ci da kwana, a matsayin gidan abinci. Abokansa suka yi ta zuba yabo. Hotunan abincin kuwa da kumfar aski da ƙwayar wanke banɗaki ya haɗa su, akwai ma wanda ƙwai ne ya ɗora a kan ƙafarsa. Duk wanda ya bugo waya neman teburi sai ya ce an cika sai nan da makonni, hakan kuma ya ƙara sa mutane nacin zuwa. A watan Nuwamba na wannan shekara rumfar ta zama ta ɗaya cikin gidajen abinci wajen 18,000 na Landan, ba tare da ta taɓa sayar wa kowa ko loma ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne maganar “an cika”, domin ita ce ta kama ni a layin nan na minti arba'in. Na ga taro na ɗauka shaida ce. Daga baya da nake wucewa ta gidan da rana na lura ana tsayar da mutane a waje alhali akwai tebura a ciki ba kowa.

Hukumomi sun fara farkawa. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, har da ba mutum lada bisa sharaɗin ya yi yabo. Sai dai ina jami'in da zai tsaya a kan kowane teburi ya ji abin da ake raɗa wa mai biyan kuɗi?

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kalmar tauraro kanta. Taurarin Michelin da ake jin labarinsu wani abu ne daban. Kamfanin taya ne na Faransa ya fara buga littafin jagora ga masu mota a 1900, don su yawaita tafiya tayoyi su cinye. A 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 ya mai da su hawa uku. Masu dubawarsu ba sa bayyana kansu, kuma su ke biyan kuɗin abin da suka ci. Can tauraro ɗaya abin alfahari ne, a waya kuwa tauraro ɗaya zagi ne. Na ga gidajen da ke liƙa taurari biyar a ƙofa da zanen da zai sa ka zaci waɗancan ne.

Duk da haka, game da manhajar, kwalliya ta biya kuɗin sabulu a wurare da dama, da zarar na koyi inda zan duba. Lokutan buɗewa da rufewa yawanci daidai suke. Akwai wani ɗan zane da ke nuna sa'o'in da gida ya fi cika, wanda ya cece ni daga layi ba sau ɗaya ba. Ya kuma koya mini wani abu: gidan da ba ya cika sai daren ƙarshen mako na masu yawon buɗe ido ne, wanda yake cika da ƙarfe ɗaya na ranar aiki kuwa ma'aikatan unguwar ne ke cin abinci a can, kuma su ba sa komawa inda aka cuce su.

Sharhunan ma suna da amfani in ka juya tsarinsu. Manhajar da kanta takan sa waɗanda take ganin sun fi dacewa a sama, ni kuwa ina mayar da ita kan sababbi. Gidan abinci kuku ne, ran da ya tashi ya koma wani wuri, yabon shekara uku baya ya zama tarihi, amma yana nan a cikin lissafin. Daga nan sai in nemi masu taurari biyu da uku. Su ne ke yin bayani dalla-dalla, su faɗi abin da ya yi da abin da bai yi ba. Abin da nake nema shi ne ƙorafin da ya maimaitu. Mutum ɗaya ya ce an ɓata masa lokaci, wataƙila ranar ce ta zo da haka. Mutum shida cikin wata biyu su ce abinci ya zo da sanyi, to halin gidan ne. Ina kuma duba yadda mai gida ke ba da amsa. Wanda ke zagin masu ƙorafi a bainar jama'a, na san abin da zai yi mini in na mayar da faranti. Hotuna kuwa, na gidan ba na kallonsu, sai waɗanda masu ci suka ɗauka a karkace cikin duhu, da cokali a gefe da zai nuna maka girman abin da ake zubawa.

Da wannan hanya na samu gidan da na fi ci a cikinsa. Taurarinsa 4.1, yana wani lungu bayan babban titi, da na bi ta lamba ko kallonsa ba zan yi ba. Masu ƙorafi a kansa cewa suke wurin ya yi ƙanƙanta, kujeru ba daɗin zama, matar da ke karɓar kuɗi ba ta fara'a, kuma in ka makara abinci ya ƙare. Na karanta sama da talatin ban ga wanda ya kushe girkin ba. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, har da rashin fara'ar. Jerin abincinsu bai wuce kala bakwai ba, a rubuce a allo, kana zaune kana hango kicin da tururinsa. Ƙarewar abinci da wuri da wasu ke kuka da ita, ni a wurina albishir ce, domin tana nufin ba a kwana da shi a firij. Sati uku ina zuwa kafin matar nan ta ɗago kai ta ce, “Irin na jiya?” Na ji kamar an ba ni lambar yabo.

Abubuwan da har yanzu ke ba ni haushi a manhajar ba su da yawa. Gidajen da suka biya kuɗin talla sukan fito a sama, kuma alamar da ke nuna talla ce ƙarama ce ƙwarai, mai yunwa ba zai lura ba. Sau biyu ta kai ni ƙofar gidan da ya riga ya rufe gaba ɗaya, don a irin wannan unguwa gidaje na buɗewa suna mutuwa kamar wasa. Sannan tana jera gida mai 4.9 daga mutum 30 sama da mai 4.4 daga mutum 2,000 a idon mai karatu, alhali talatin ɗin nan dangi da abokan mai gida ma sun isa su cika su.

In da za a ce in ba ta nata taurarin, uku da rabi zan ba ta: biyar wajen nuna hanya da lokaci, biyu wajen sanin abin da ke cikin tukunya.

A satin ƙarshe Yaya ta sake zuwa, na kai ta lungun nan. Ta zauna a kujerar mara daɗi tana harare-harare, aka kawo, ta ci ba ta ce uffan ba har ta share farantin, sannan ta tambaya ko za a iya ƙulle mata wani ta tafi da shi. Matar ta ce ya ƙare. Da muka fito na zaro waya zan rubuta musu sharhi, Yaya ta riƙe hannuna ta ce, “Kai dai ba ka da wayo. So kake gobe mu zo mu tarar da layi?”