GenBank ga mai bincike kan bairos ɗin Epstein-Barr da sankarar limfoma

Duk mai son sanin yadda bambancin ƙwayoyin halittar bairos ɗin Epstein-Barr, mai alaƙa da limfoma (sankarar fararen tantanin jini), ke sauya saƙonnin da ke gudana a cikin tantanin jini, da wuya ya kauce wa GenBank, rumbun intanet na jerin haruffan ƙwayoyin halitta (DNA) da aka kafa a 1982, wanda cibiyar NCBI ta Amurka ke kula da shi. Kyauta ne, kuma ba a bukatar rajista kafin a yi bincike a cikinsa.

Inda ya fi burge ni shi ne batun LMP1, furotin ɗin bairos ɗin Epstein-Barr da ke kwaikwayon CD40 (furotin mai karɓar saƙo a jikin tantanin B, wani nau'in farin tantanin jini), ya kunna hanyar aika saƙo ta NF-κB ba tare da jiran umarni daga waje ba, har tantanin B ya ƙi mutuwa ya ci gaba da hayayyafa. Idan aka ɗauki jerin nau'in bairos ɗin da ake kira B95-8, wanda aka kammala karantawa a 1984, aka jera shi da nau'in CAO ta amfani da BLAST, manhajar kwatanta jeri, nan take za a ga giɓin haruffa 30 a kusa da ƙarshen ƙwayar halittar LMP1 ta CAO, wato amino asid goma da suka ɓace a yankin da ke aika saƙo. Haka nan bambancin EBNA2, wani furotin na bairos ɗin, tsakanin nau'in bairos na 1 da na 2 a fili yake, kuma an san cewa na 2 bai kai na 1 ƙarfin sauya tantanin B a ɗakin gwaji ba.

Sai dai rumbun yana nuna haruffa ne kawai, ba ya faɗin abin da sauyin ke haifarwa. Masu binciken da suka ɗora jerin su ne ke rubuta bayanin samfurin, saboda haka wani ya cika bayani, wani kuma bai faɗi ko daga ƙarin sankara aka ɗauko shi ko daga yawun mai lafiya ba. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin limfomar Hodgkin mai ɗauke da bairos ɗin tana fitar da LMP1, alhali limfomar Burkitt galibi wani furotin ɗin bairos ɗin, EBNA1, kaɗai take fitarwa. Ƙari a kan haka, samfuran gabashin Asiya sun rinjayi na Afirka, duk da cewa a Yuganda likita Denis Burkitt ya bayyana limfomar Burkitt a 1958.

Ina ba ɗalibai da masu bincike shawarar amfani da shi wajen kwatanta jeri, amma kada a danganta wani sauyi da tsananin cuta sai an koma ga gwajin da aka yi a kan tantanin kansa.