Gargaɗi ga masu gyaran amfilifayar bawul: ₦185,000 na biya, aka turo mini kafasitan rediyo cikin rigar Mullard

Naira 185,000. Ban haɗa da 7,000 na direban da ya kawo kwalin tasha ba. Na rubuta adadin tun farko ne don kada wani ya shigo ƙasa ya ce mini araha ba ta ado. Ba araha na bi ba. Da ya faɗi kuɗi kaɗan da tun a nan na gane shi.

Mutumin yana cikin zaurukan WhatsApp na masu gyaran kayan sauti, ya ce a Legas yake, kayansa kuma tsofaffin ajiya ne daga Ingila waɗanda ba a taɓa sa wa wuta ba. Abin da yake tallatawa ƙunshi ne na sauya muryar amfilifayar gita: bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, samfurin ECC83 guda uku masu tambarin kamfanin Mullard, kafasitan Mullard masu ruwan ɗorawa irin na cikin tsofaffin amfilifayar Marshall, da razistoci. Ba zan sa sunansa ba, domin sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗin daban yake da wanda ya gaya mini, ban kuma son in jefa wani bawan Allah da aka ari asusunsa cikin masifa. Amma hotunan hirarmu, da rasit, da hoton abin da na fasa, duk suna nan, zan ɗora su.

Ga aikin da ke kan tebur lokacin. Amfilifaya ce mai wat 50, manyan bawul EL34 biyu da ƙanana ECC83 uku, an kwaikwayi zanen Marshall samfurin 1986. Lambar samfuri ce wannan, ba shekara ba, mutane na yawan rikicewa a nan. An zana ta ne don gitar bes, shi ya sa mai ita yake kukan cewa da ya ƙara murya sai ƙasan sautin ya cakuɗe, kamar ana magana da tuwo a baki. Maganin sananne ne, a mayar da ita tsarin samfurin 1987. A raba katod ɗin bawul na farko (katod, faranti da girid sassan cikin bawul ne): ɓangare ɗaya ya zauna da om 820 da babban kafasitansa, ɗayan a ba shi 2.7k da 0.68µF, yadda ƙarfin zai fara hawa daga wajen 87Hz, alhali tsirkiyar gita mafi kauri 82Hz take bayarwa. A rage kafasitan da ke bin farantin wannan ɓangaren daga 0.022 zuwa 0.0022µF. A wajen maɓallan murya a cire 56k da 250pF a sa 33k da 500pF. Sannan, kuma nan ne maganar take, kafasita biyun da ke kai sauti daga bawul na uku zuwa girid ɗin EL34 a sauke su daga 0.1 zuwa 0.022µF, domin da razistan 220k da ke wurin yankan yana tashi daga 7Hz zuwa kusan 33Hz, amon ya ɗaure.

Da na rubuta masa cewa ina neman kayan wannan aiki, bai turo farashi ba. Saƙon murya ya turo. Ya ce: "Injiniya, katod ɗin V1 ɗinka a haɗe yake ko ka riga ka raba?" Wallahi wannan tambaya ce ta ci ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru. A haɗe yake ko ka raba. Ku gaya mini, cikin masu sayar da kaya a kasuwa mutum nawa ne suka san V1, wato bawul na farko, tana da katod biyu, a fin (ƙafa) na 3 da fin na 8? Har ya ƙara da cewa in kula da razistan da ke dawo da sauti daga tiransfoman sifika, wai 47k a kan om 8 ya fi laushi, 100k a kan om 4 ya fi cizo. Gaskiya ya faɗa. Duk abin da ya faɗa na ilimi gaskiya ne. Kayan ne kawai ƙarya.

Na tura 100,000 ranar Talata, cikon 85,000 bayan ya nuna mini bidiyon yana naɗe kwalin. Ko dai Laraba ce, domin ranar Talatar ce aka ɗauke wuta ban iya buɗe manhajar banki ba. Ko ma dai yaushe ne, 185,000 ta fita.

Kafin a ce ban gwada ba: na gwada. Kowane kafasita na ɗora shi a mita, 0.022 ya nuna 0.022, 0.68 ya nuna 0.67. Na sauke cajin manyan kafasitan 50+50µF ta razista kafin in sa hannu, na yi dalma mai tsabta, na kunna ta bayan kwan fitila mai wat 100 a jere da layin wuta, kwan ya haska ya dushe yadda ya kamata. Na zare EL34 biyun na auna fin na 5 na kowace soket, bolt 38 a ƙasa da sifili, duka biyun, wannan shi ne bayas, wutar da ke hana bawul jan wuta fiye da kima. Na mayar da su, na saita bayas ta razistan om 1 a katod: faranti na kan bolt 450, EL34 iyakarta wat 25, kashi 70 cikin ɗari ya kama wat 17.5, na bar kowace a ƙasa da miliam 39. Na buga ta kusan minti ashirin. Muryar ta fito, ƙasan ya ɗaure, tsakiyar ta buɗe. Wane mai gyara ne zai yi fiye da haka?

Abin da mita ba ta faɗa shi ne ƙarfin wutar da kafasita zai jure. Mitar hannu da 'yan bolt kaɗan take awo. A wurin nan kuwa ƙafa ɗaya tana kan farantin bawul na uku, wajen bolt 230, ɗayar tana kan bayas, 38 a ƙasa, wato kusan bolt 270 ke kansa kullum, kuma yana haura haka idan ana dukan gitar da ƙarfi. Shi ya sa ba a sa ƙasa da mai bolt 400 a nan, ni 630 ma na saba sawa. A jikin nasa an rubuta 400V ɓaro-ɓaro.

Bayan ta ƙone na sa filaya na fasa ɗaya. Ɓawon ya ruguje kamar busasshen ƙulli-ƙulli. A ciki ɗan koren kafasita ne irin wanda ake tsinta a allon tsohuwar rediyo, an ƙara masa ƙafafu da dalma, an lulluɓe shi da wani abu mai kama da gam, an shafa fenti. A jikinsa an rubuta 2A223J. Ga wanda bai sani ba, 223 shi ne 0.022µF, J kashi 5 ne na kuskure, 2A kuma bolt 100 ne. Ɗari. Na 400 da 2G yake farawa, na 630 da 2J. Na fasa na biyu, na uku, duk kanwar ja ce. Wannan shi na biya wa 185,000.

Na tsallake yadda ta ƙone. Mai ita ya ɗauka ranar Juma'a, ranar Asabar da yamma ya kira ni daga wurin gwaji, ya ce Oga kwalba ɗaya ta yi ja kamar garwashi, sai wari, sai shiru. Lissafin ba wuya. Idan kafasitan ya fara yoyo, wutar farantin na bi ta razistan 220k. Yoyon mikro'am 50 kacal yana ture bayas da bolt 11. Daga 38 ya koma 27, bawul ɗin ya ja wuta fiye da ninki, farantinsa ya yi ja. Da na auna bayan haka, fin na 5 na wannan soket ɗin ma ya haye saman sifili. EL34 ɗaya ta mutu, ɗayar ba ta da abokiyar zama, razistan sikirin 1k mai wat 5 ya tsage, rabin naɗin farko na tiransfoman sifika ya yanke: ɓangare ɗaya om 43, ɗayan babu komai. Fis ɗin babbar wuta miliam 500 ya kamata ya kasance, sai na tarar wani can baya ya sa mai am 3. Wannan kam ban duba ba, na ɗauki laifinsa. Amma fis ba shi ya sa kafasitan bolt 100 cikin rigar 400 ba.

Ya ce wai janareta ne. Wannan shi ne amsarsa ta farko, kafin in tura masa hoton abin da na fasa. A'a, na tura hoton tukuna, ya ga saƙon ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce janareta. Janaretan da ya bar kafasitan tacewa lafiya, ya bar filamen lafiya, ya zaɓi girid ɗaya? Daga nan ya ce shi ma haka aka sayar masa, zai maido rabi ranar Litinin. Litinin uku ke nan. Yanzu hotonsa ya ɓace, saƙo alama ɗaya yake tsayawa.

Bawul ɗin ma da na zauna da su a ƙarƙashin fitila sai kunya ta rufe ni. Mullard na ainihi da aka yi a masana'antar Blackburn yana da lambobi layi biyu da aka ƙona a jikin gilashin can ƙasa, launin toka, ba sa gogewa, layi na biyu da B yake farawa. Farin tambarin kuwa shi ne mai saurin fita, yatsa ma yana share shi. A saman kwalbar akwai layukan haɗin gilashi da ake ji da farce. Nasa an juya komai: tambarin ƙyal-ƙyal, ko da farce ba ya motsi, lambobin ƙasan da farin fenti iri ɗaya aka buga su, saman sumul. Biyu sun sha aiki, madubin cikinsu ya kode. Ɗaya in ka ƙwanƙwasa ta da fensir sai sifika ta amsa kamar ƙararrawa, lokacin aikin na zata soket ce na matsar da ita V3, gurbin bawul na uku, na ci gaba. Akwai sababbin bawul masu sunan Mullard da ake yi a Rasha, ana sayar da su a matsayin sababbi, babu yaudara a ciki. Nasa ko su ba su ba ne. Da bawul ɗin kamfanin JJ na Slobakiya na saya, da kafasitan zamani masu bolt 630, da aikin bai ci rubu'in wannan kuɗin ba, muryar kuma ɗaya ce, domin adadin 0.022 da 0.68 ne ke sauya sauti, ba launin riga ba. Na san wannan. Na sha faɗa wa yara a shago. Amma mai amfilifayar ya ce yana son na asali, ni kuma ga mutum yana tambayata katod a haɗe yake ko a rabe.

Yanzu tiransfoma a kaina, EL34 biyu a kaina, ga 185,000, ga 7,000 na mota, mai kaya kuma yana da biki ƙarshen wata.

In za ku sayi irin kayan nan, ku fasa kafasita ɗaya a gaban direba, sauran ku sa musu mega, mitar gwada yoyo da babbar wuta, a bolt 500 ko ku gwada yoyonsu a kan wutar da za su yi aiki da ita. Ku nemi hoton ƙasan gilashin bawul kafin ku tura ko sisi. Ku duba fis.

Mutum biyu sun riga sun yi mini magana ta gefe, ɗaya tiransfoma ya saya a wurinsa, lambar waya daban, asusun ɗaya. Wanda duk ya tura kuɗi ya ajiye rasit ɗinsa, ina haɗa su in kai banki da ofishin 'yan sanda ranar Alhamis. Hotunan in an kawo wuta da dare zan sa, har da saƙon muryar.