A tare direba a hanya, ko a duba shi tun a tasha?

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da na'urar da direba ke hura iska a ciki a gane ko ya sha giya. Tana aiki, kuma tsoron tara yana sa wasu su kama kansu. Sai dai giya kaɗai take ji. A Katsina kuwa, inda giya ba ta fitowa fili, abin da ya fi damuna shi ne tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta tun 2018 amma bai ɓace ba. Direba zai hura na'urar ya wuce lafiya lau, idonsa jajir.

Tasha daban ce. Ɗan kamasho ya san direbansa ciki da bai. Yana ganin wanda ya jefa ƙwaya a shayi da asuba, ya san wanda ya kwana a hanyar Kano yake neman ya juya Daura. Da ƙungiyar direbobi za ta hana irin wannan direba lodi, an gama magana kafin fasinja ya shiga.

Ni tasha na zaɓa, ko da yake akwai kara da jin nauyi tsakanin abokan sana'a, ga masu ɗaukar fasinja a bakin titi da ba sa shiga tasha sam. Waɗannan kam sai jami'an hanya.