Murhun tsimi da gawayin ɓuntu na matan ajin yamma

'Yan uwa mata, masu tambayata a kan murhun nan na tsimin itace da matan ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu ke yi, ga abin da na gani tunda na fara girki da shi. Murhun yumɓu ne an lulluɓe shi da ƙarfe, bakinsa matsattse, wuta ba ta watsewa gefe kamar ta murhun duwatsu ukku, duk zafin tukunya yake bi. Tuwon shinkafa na gidan mutum da yawa na tuƙa a kai kuma itacen da anka ci bai kai wanda muka saba ƙonawa ba ko kusa, hayaƙi ma ya ragu ƙwarai, idona ya huta.

Suna sayar da gawayin ɓuntu ma, wato ɓuntun shinkafa da ake zubarwa a injin casa su ƙona shi sama-sama su kwaɓa da sitaci su matse su shanya. Yana daɗewa yana ci amma gaskiya kama wutarsa sai da haƙuri da mafici, kuma in damshi ya taɓa shi ruguzewa yake, da damina sai kin nema mai wuri busasshe. Kuɗin murhun shi ma da ɗan nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, da za su yarda a biya kashi-kashi kamar adashi da mata da yawa sun saya.

Abin da ya fi burge ni malamar da ke sayarwa. Da girmanta ta koyi karatu, amma zama ta yi tana min bayanin yadda sare itace ke buɗe wa hamada ƙofa ta wajen Gada da Illela da Tangaza, da yadda Sakkwato ke cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa katangar itatuwa don tare hamada ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Tana sauraron hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a rediyo ta rubuta a littafi ta kai wa 'yan uwanta manoma a ƙauye kafin su yi shuka. Wallahi na ji daɗin wannan har raina. Mu da ke shan zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, mu da munka ga abin da ambaliyar Goronyo ta 2010 ta yi wa gonaki da gidaje, ba sai an gaya mana yanayi ya canza ba.

Kuma wa ke fara ɗanɗanawa? Ɗiya mace. In itace ya yi nisa ita ake turawa, in rijiya ta ƙafe ita ce da tulu tun asuba, in amfanin gona ya lalace ita ake fara cirewa daga makaranta a ɗora mata talla ko a yi mata aure da wuri. To murhun da ya rage cin itace lokaci ne ya maido wa yarinya ta je aji, uwar da ta yi karatu kuma da wuya ta bari a cire ɗiyarta. Garin Nana Asma'u ne fa wanga Sakkwato, 'yan taru da jajojinta, wato ɗalibanta mata da jagororinsu, ƙauye-ƙauye sunka bi suna karantar da mata, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ƙorafina ɗaya babba, ajin cikin gari kaɗai yake kuma bayan la'asar, alhali matan ƙauye su ne masu wahalar itacen. In za ki saya ki je da tukunyar da kike girki da ita a gwada bakin murhun, don girmansu ba ɗaya ba ne.