Wata huɗu da 'yar na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota

Abin da ya kai ni Ƙofar Ruwa neman wannan abu, allurar zafin inji ce. Motata ƙirar 2004 ce, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, kuma allurar nan kullum tana tsakiya, ko da sanyin asuba ne, ko da ranar Afrilu a cunkoson Kurna. Sau biyu ina jin ƙaurin ruwan lagireto ita kuwa ko gezau. Bakanikena ya ce haka agogon motoci da yawa yake, ba ya motsi sai abu ya kusa ɓaci. Ni kuwa lamba nake son gani, kada gasket ya ƙone ina kallo.

Na'urar ba ta fi akwatin ashana girma ba, shuɗiya, an rubuta ELM327 a jikinta. Wannan sunan asalin wanda wani kamfanin Kanada ya ƙera ne, amma na kasuwarmu kusan duk kwaikwayo ne, ba sunan maƙeri ba adireshi. Kuɗinta bai kai na rabin tanki ba. Ana cusa ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2. Tun 1996 doka ta wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano tana da shi. Sai ta haɗu da waya ta Bluetooth, lambar sirri 1234, manhajar Torque kuma ta mayar da fuskar waya agogunan mota. Tsohuwar Android ɗina da gilashinta ya tsage na ɗaure a kan dashbod. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi, irin tawa ba ta haɗuwa da ita.

Ta farko da na saya, mai lamba 2.1, ta sha min rai. Fitila ta kama, waya ta gan ta, amma ƙwaƙwalwar mota shiru. Na kashe na kunna har na gaji. Maƙwabcina ya sa ta a tasa ƙirar 2012, kafin ya gyara zama lambobi sun fito. Nan na fara zargin motata.

Mai wayarin ne ya raba gardama. Ya kwanta rigingine a gindin kujera da fitilar waya, ya leƙa soket ɗin, ya ce, “Malam, zo ka gani da idonka.” Rami na 6 da na 14 wayam, ba ƙarfe a ciki, na 7 ne mai ƙarfe. Ya ce waɗancan biyun su ne layin CAN, yaren da aka wajabta wa motocin Amurka daga 2008, tawa kuwa da tsohon yare take magana, ta waya ɗaya da ake kira layin K. Masu kwaikwayo da yawa don rage kuɗi sabon yaren kawai suke sa wa kula. Na mayar da ita, mai shago bai ja ba, ya canza min da mai lamba 1.5. Abin dariya, masu asalin ba su taɓa fitar da 1.5 ba, amma ita ce ta yi aiki.

Ita ma ba nan take ba. In na bar ta ta laluba yaren da kanta, wani lokaci ta kama, wani lokaci ta yi ta juyi har in isa inda za ni. Da na shiga saiti na zaɓa mata ISO 9141-2, wato tsohon yaren motata, da hannu, na kuma saba murɗa makulli tukuna kafin in buɗe manhaja, matsalar ta kau.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni na jera agogo tara a fuska. Kuskure ne. Layin K a hankali yake tafiya, bit 10,400 a daƙiƙa, CAN kuwa 500,000, kuma tambaya ɗaya-ɗaya ake yi wa ƙwaƙwalwar ta amsa. Sai in taka totur, inji ya yi ƙara ya lafa, sannan allurar waya ta ɗaga. Yanzu uku na bari: zafin ruwa, wutar batir, da juyin inji.

A mako na biyu ta biya kuɗinta. Muna tsaye a cunkoso, lambar zafin ruwa ta tashi daga digiri 92 ta wuce 100, ta kai 106, ban ji fanka ta tashi ba, allurar mota kuwa tana tsakiyarta. Na gangara gefe na kashe. Rile ɗin fanka, wato makunnin da ke tayar da ita, shi ne ya mutu. Bakanike ya so ya haɗa fankar kai tsaye ya cire tamostat, mai daidaita zafin ruwa, yadda aka saba yi a garejinmu, na ce a'a, Oga, a sa sabon rile kawai, tunda yanzu ina ganin abin da ke faruwa.

Wutar batir ba na ɗaukar lambarta kamar yankan wuƙa. Tana nuna volt 13.8 inji na aiki, mitar mai wayarin ta ce 14.1. Zafin man giya kuwa da na ci buri a kai ba ta kawo shi ba, don ba ya cikin tambayoyin gama-gari, kowane kamfani da lambarsa ta daban. Lissafin shan mai ma ƙiyasi ne, ban damu da shi ba.

Babban aibinta shi ne ba ta barci. Rami na 16 wuta ce kai tsaye daga batir, ko an zare makulli. Na yi tafiyar kwana tara zuwa ɗaurin aure da zaman makoki, na dawo batirin da dama ya tsufa ya ƙi tayar da mota, sai da yaran unguwa suka kawo na aro. Tun daga ranar, in motar za ta kwana biyu a ajiye sai na zare ta na jefa a aljihun ƙofa. Gwiwata ma takan buge ta wajen fita, har murfin ya fara buɗewa, na naɗe shi da baƙin salatif.